Sukolashif Haƙƙi Ne, Ba Kyautar Mai Gida Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ta zauna a bakunanmu har ta zama kamar gaisuwa, ni kuwa ina so mu tofar da ita. Duk sa'ad da ɗalibi ya sami sukolashif, ko alawus ɗin jiharsu ya fito, sai ka ji ya ce, "Ai Alhaji wane ne ya taimake ni," ko kuwa, "Mai Girma ya tausaya mana." Daga nan sai a kwashi ɗalibai a mota, a kai su gidan gwamnati su yi godiya, a ɗauki hoto. Godiyar me? Kuɗin nan daga baitulmali ya fito, baitulmali kuwa ba gadon gidan kowa ba ne. Harajin ɗan kasuwa ne, da abin da ake yanka a albashin malamin firamare tun bai gan shi ba, da kuɗin man fetur wanda aka ce na dukkanmu ne. Wanda aka damƙa wa mabuɗin rumbu ba shi ya noma hatsin ba.

Wannan godiya tamu ba ƙaramar ɓarna take yi ba, domin wanda ya ɗauki abu a kan alfarma ne ba shi da bakin tambayar yadda aka raba shi. Saboda haka ne ƙofar sukolashif a ƙasar nan take buɗe a takarda, a aikace kuwa a rufe. Ba kuma da kwado aka rufe ta ba. Da fom aka rufe ta, da takardun shaida, da kuɗin mota, da sanarwar da ba ta isa kunnen wanda aka yi dominsa sai bayan an rufe karɓa.

Bari mu waiwayi baya kaɗan, don kada wani ya ce mafarki muke yi. Manyan da ake ta maƙala hotunansu a ofisoshi, da kuɗin wa suka yi karatu? Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sawunsa a 1946, kuma ba gonar ubansu aka sayar aka tura su ba, kuɗin hukuma ne. En'e ta ɗauki nauyin yara a makarantun midil, Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauki nauyin waɗanda suka wuce nan, har aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 don a sami wurin kai su. A shekarun 1970 ɗalibin jami'ar tarayya ba ya biyan kuɗin koyarwa bayan da gwamnatin soja ta soke shi, abinci kuma gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa. Da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini a 1978, watau daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ƙasar nan ta ɗauki zafi. Ɗalibai suka fito a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa da Segun Okeowo ke shugabanta, suna kiran lalle Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An harbe ɗalibai a Ikko, an harbe a Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. Kwabo 50! Yau ana ninka kuɗin rajista sau biyu ko uku a dare ɗaya, kamar yadda jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur, kuma da yawa daga cikin masu sa hannu a kan ƙarin su ne dai waɗanda suka ci kaza a ɗakin cin abinci na jami'a da kuɗin talakawa. Sun hau da tsani, suka janye tsanin.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 18, ya ce gwamnati za ta samar da ilmin jami'a kyauta idan hali ya samu. Amma masu rubutun sun san abin da suke yi, domin sun ajiye wannan alkawari a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika shi. Watau an ba mu da hannun dama an karɓe da hagu. To, tun da ilmi kyauta ya zama alkawarin da ba a kai ƙararsa, abin da ya rage wa ɗan talaka shi ne sukolashif da alawus da rance. Sai mu duba yadda ake nemansu.

Farkon abin shi ne sanarwa. Hukumar sukolashif ta jiha tana buɗe karɓar takardu na 'yan makonni, ta sa sanarwa a shafinta na intanet ko ta liƙa a allon ofishinta a babban birnin jiha. Wa zai gani? Ɗan babban sakatare ya sani tun ana shirya takardar, domin a teburin cin abincin gidansu aka yi zancen. Ɗan akawu ya ji a bakin ubansa. Yaron da ya fito daga ƙauyen da ke da nisan kilomita 200, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, shi kuwa sai ya ji a ɗakin kwana, a bakin wanda ya riga ya cika nasa, saura kwana biyu a rufe. Ba wanda ya hana shi nema. An dai tabbatar bai ji da wuri ba, wannan kuwa ya fi hani muni, don hani ana iya ƙararsa, rashin sani kuwa kan yaron ake ɗora laifinsa.

Idan ya ji, sai tara takardu. Takardar shiga makaranta, rasit na kuɗin rajista, katin ɗalibi, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, hotuna, sakamakon jarrabawa, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN. Ku lura da rasit ɗin nan. Ana neman wanda ba shi da kuɗin rajista ya kawo shaidar ya biya kuɗin rajista kafin a taimaka masa ya biya kuɗin rajista. Wannan hikima ta fi ƙarfin hankalina.

Amma uwar takardu duka ita ce takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ake yanka mafi yawan 'ya'yan talakawa ba tare da jini ya zuba ba. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, kowace kuma ita ke faɗin wane ne ɗanta. Ba a duba inda aka haife ka, ba a duba inda ubanka ya biya haraji shekara talatin, sai inda aka ce kakanka ya fito. Ɗauki yaron da aka haifa a Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Ikko, ko cikin garin Jos, kakansa ya je fatauci tun zamanin Turawa. Inda aka haife shi an ce shi baƙo ne, ya koma jiharsu. Ya tafi jihar da aka ce tasu ce, mai unguwa ya dube shi ya ce bai san shi ba, bai san ubansa ba, ba zai sa hannu ba. Haka kuma ɗan Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen iyayensa. Waɗannan yara 'yan Nijeriya ne a wajen biyan haraji da yi wa ƙasa hidima, amma a wajen sukolashif ba su da ƙasa. Wanda ma asalinsa ba shi da gardama, sai ya bi mai unguwa, ya bi dagaci, ya bi hakimi, ya je sakatariya a ce masa shugaba ya yi tafiya, ya koma gobe. Kowace "gobe" kuɗin mota ce, kuma lacca ce da ta wuce shi. Shi kuwa wanda ke da mutum a sama, takardar ce ke zuwa ta same shi a gida, wani lokaci ma ta ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba.

Sa'an nan ga wata masifa sabuwa da kwamfuta ta kawo, watau saɓanin suna. Malamin firamare ya rubuta Muhammadu, na sakandare ya rubuta Mohammed, a banki an sa Muhammad, a wajen rajistar zama ɗan ƙasa wani ya juya sunan uba ya koma gaba. Da can akawu zai duba fuskarka ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta da ido, ba ta jin magiya. Harafi ɗaya ya isa ta watsar da kai. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, don haka kuskuren da aka yi wa yaro yana ɗan shekara 16 shi zai bi shi har ya gama digiri. Duk mai ƙane ko ƙanwa a ajin ƙarshe na sakandare, ya zauna da shi a wannan hutu ya jera takardunsa a kan tabarma, ya duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Gyaran yau wahala ce ta mako guda, na baɗi kuwa asarar shekara ce.

A ce yaro ya haye duk waɗannan ramuka, ya je intabiyu, sunansa ya fito. Yaushe kuɗin zai zo? Kowa a cikinmu ya san amsa. Makaranta tana rufe rajista a farkon zango, alawus ɗin jiha kuwa, a jihohi da yawa, yana zuwa ne idan ya ga dama, wani sa'i bayan shekara ta ƙare, wani sa'i a tara bashin shekaru a biya guda ɗaya idan zaɓe ya matso. Maganin da ya iso bayan an yi jana'iza ba sunansa magani ba.

Wani zai ce ai ba jiha kaɗai ke bayarwa ba. Gaskiya ne, kuma ina roƙon kowane ɗalibi ya san sauran ƙofofin ya ƙwanƙwasa su duka. Akwai Hukumar Sukolashif ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Akwai asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973 don horar da 'yan ƙasa a fannonin da suka shafi man fetur. Akwai na kamfanonin mai irin su Shell da Chevron da TotalEnergies da kamfanin gas na NLNG, akwai na gidauniyar MTN. Waɗannan galibi da jarrabawa ake samunsu, ba da takardar ɗan majalisa ba, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai mafi yawansu suna neman ɗalibin da sakamakonsa ya yi fice, kuma da yawa ba su duban wanda bai gama shekarar farko ba. To, shekarar farko ita ce mahaukaciyar shekara. A cikinta ake biyan kuɗin karɓar gurbi, da na rajista mafi tsada, da na ɗaki, da katifa da bokiti da risho. A cikinta ne yaron da ya yi sakandaren ƙauye yake kokawa da Turancin malamai, yana cin abinci sau ɗaya a yini, yana kwana a masallaci ko a aji don bai sami gado ba. Sa'an nan a ƙarshen shekara a auna makinsa da na wanda aka kawo a mota da kwamfutarsa a jaka, a ce an yi adalci, cancanta aka bi. Cancanta gaskiya ce, amma ba a tseren doki da wanda ya kwana da harawa da wanda ya kwana a ɗaure. Muna bukatar sukolashif na hazaƙa, muna kuma bukatar na bukata, wanda ke duban aljihun uba kafin ya dubi takardar sakamako, kuma yana zuwa tun ranar da yaro ya karɓi takardar shiga.

Masu hangen ƙasashen waje kuma su ɗauki darasi. Shekaru da yawa Nijeriya tana da yarjejeniyar musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Hangari da Maroko da Aljeriya, su su ɗauki nauyin karatu, mu mu biya kuɗin guzuri. A 2024 aka rage guzurin wata daga dala 500 zuwa 220, bayan an shafe watanni ba a biya ba, yara suna can a ƙasar sanyi ba su da mai ba su rance. A 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya sanar an daina tura sababbi. Ko mutum ya yarda da hujjar cewa darussan ana koyar da su a gida, tambaya tana nan: kuɗin da aka tsimi, ɗalibin gida nawa ya gan shi a matsayin kyauta, ba bashi ba?

Wannan ya kawo mu ga rance, wanda shi ne sabon yayi. Ba sabon abu ba ne. An kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe saboda an kasa karɓo bashin. An yi dokar bankin ilmi a 1993, bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. A ranar 12 ga Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rance, kuma ya kamata a ajiye wannan doka a gidan tarihi don 'yan baya su ga yadda manyanmu ke tunanin talaka. Ta ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata, saboda haka idan uba masinja ne uwa kuma mai shara ce a asibiti, sun tara 720,000 a shekara, ɗansu ya zama ɗan masu kuɗi, bai cancanta ba. Ta kuma ce sai ya kawo masu tsaya masa mutum biyu, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali. Jama'a, wanda gidansu ba sa samun 42,000 a wata, ina ya san lauya mai shekara 10? Da surutu ya yi yawa aka soke dokar, aka sa hannu a kan wata a Afrilu 2024 wadda ta zubar da waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin asusun NELFUND a watan Mayu na shekarar. Kuɗin makaranta ana biyan makarantar kai tsaye, ɗalibi kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Babu kuɗin ruwa, wannan kuwa ya kamata a faɗa wa iyayen da ke tsoron riba. Biya yana farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Ban ce kada a karɓa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma duk ɗalibin da zai bar karatu don kuɗin rajista alhali ga rance marar ruwa, ya cuci kansa. Amma kada a yaudare mu da suna. Rance bashi ne. Waɗanda suka yi karatu kyauta sun miƙa wa ƙannensu takardar bashi suna jiran a yi musu tafi. Haɗarin da na hango kuma shi ne jihohi su nade hannu su ce ai tarayya ta ɗauke musu nauyi, jami'o'i kuma su riƙa ƙara kuɗi ba fargaba tun da akwai mai biya, bashin kuwa a wuyan yaro zai kwana. Ko a 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike.

Duk da haka asusun rancen ya fallasa wata ƙarya da aka daɗe ana yi mana. Shekara da shekaru ana cewa 'ya'yan talakawa, musamman na Arewa, ba sa neman tallafi, lalaci ya yi musu yawa, ba su damu ba. Da aka buɗe ƙofar da ba ta bukatar sa hannun dagaci ko katin ɗan majalisa, sai ga ɗaliban Jami'ar Maiduguri da na Bayero a sahun gaba wajen nema. Ashe ba nema ne ba sa yi ba, hanyar ce aka cika da ƙaya. Idan ana iya ba da bashi ta waya cikin makonni, da lambar JAMB da NIN da BVN kawai, me ya hana a ba da sukolashif ta wannan hanya? Amsar ita ce, bashi ba a yi wa kowa alfarma da shi, sukolashif kuwa jari ne na siyasa, kuma ba mai son ya saki jarinsa.

Yanzu sai ku, yayyenmu ma'aikata. Fayil ɗin nan a kan teburinku yake kwana. Ba gwamna ke ɓoye fom a aljihun tebur ba, ba kwamishina ke cewa "ka dawo gobe" ba. Akawu ne, ƙaramin jami'i ne, wanda shekara biyar da suka wuce shi ma yana tsaye a wannan layi da takardunsa a cikin leda. Na san albashi ba ya kai wata, na san wanda ya ƙi bin umarnin na sama ana iya jefa shi ƙauye. Amma ɗaukar hoton sanarwa a tura wa ƙungiyar ɗalibai ranar da ta fito ba ya bukatar izinin kowa, gaya wa yaro dukkan takardun da ake bukata a zuwansa na farko, maimakon a riƙa tsinta masa ɗaya ɗaya, shi ma haka.

Mu ma ɗalibai ba mu kuɓuta ba. Da yawanmu ba sa cika fom sai daren rufewa, sa'ad da shafin ya cushe, sa'an nan su miƙa wa mai shagon intanet ya cika musu da lambar wayarsa da adireshinsa na imel, saƙon gayyatar jarrabawa ya zo ya tafi ba su sani ba. Wasu kuma su faɗa hannun 'yan damfara masu cewa a turo kuɗi a sa suna a jeri. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka sukolashif, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka, ɓarawo ne, ko da wane tambari ya zo. Ƙungiyoyinmu na jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, waɗanda don wannan aiki aka kafa su, sun zama 'yan rakiyar 'yan siyasa, suna raba lambar yabo ga mutanen da ke riƙe da alawus ɗin membobinsu.

Abin da nake nema ga majalisar wannan ƙungiya tamu ba zanga-zanga ba ce, aikin akawu ne. A ware tebur guda a sakatariya, da kwamfuta guda, da ɗalibai masu karɓa-karɓa, waɗanda aikinsu shi ne bin kowace sanarwa, da liƙa ta a ɗakunan kwana da masallaci da coci, da zama da sababbin ɗalibai a cika fom tare tun makon farko. A buɗe rijista a rubuta wanda ya nema, da ranar da ya nema, da abin da ya samu, domin ranar da za mu tsaya gaban hukuma mu je da lissafi a hannu, ba da kuka ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. A rubuta wa hukumomin sukolashif a tambaye su nawa aka ware a kasafi, nawa aka saki, mutum nawa suka samu daga kowace ƙaramar hukuma, da wane ma'auni aka zaɓe su. Amsar da ta zo a buga ta a wannan mujalla, wadda ba ta zo ba a buga sunan hukumar da ranar da aka kai takardar. Idan ma'aji ya ce babu kuɗin sayen rijista da tawada, a duba abin da aka ware wa bikin rantsar da shugabanni a cire daga nan.